Baki daban, murya daban: Yadda za ka gyara bidiyon da ka kwaso daga tsohon faifai

A hutun da ya wuce, Umma ta zaro wata leda daga ƙasan akwatinta ta miƙo min faifan DVD guda biyu. Na bikin Yayarmu ne, wanda aka yi tun ina firamare. Ta ce, "Tunda kai aikin jarida kake karanta, ka mayar min da wannan cikin waya."

Ba rawar kamu take son gani ba, ba kuma ankon da aka yi ba. Akwai wasu minti shida a ciki inda kakarmu Inna, Allah Ya jiƙanta, take yi wa amarya nasiha kafin a kai ta ɗakinta. Duk gidanmu babu inda muryar Inna ta rage sai a wannan faifan.

Na ari na'urar karanta faifai wadda ake jona wa laftof, na kwashe fayilolin, na zuba su a manhajar editin, na yanko wurin nasihar, na tura gurup ɗin dangi na WhatsApp ina jiran yabo. Wanda ya fara magana ɗan gwaggona ne: "Wannan fassarar Indiya-Hausa ce?" Wata ta ce, "Kai dai faɗi gaskiya, AI ne." Umma kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Inna ta rufe baki amma tana ta magana. Cire shi."

Idan ka taɓa yanko wani abu daga tsohon faifai, na biki ne ko na suna ko na saukar karatu, wataƙila ka gamu da irin wannan. A zamanin da mutane ke zargin kowane bidiyo da cewa na bogi ne, leɓen da bai dace da murya ba ya isa ya sa a ƙaryata abin da ya faru da gaske. Abin da na koya a kwana uku na wahala shi ne, gyaran ba shi da wuya. Gane irin ciwon shi ne aikin. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Me ya sa ido ke saurin kamawa?

Ka taɓa hango mai faskare daga nesa? Za ka ga gatarin ya sauka, sai bayan ɗan lokaci ka ji ƙarar. Haka walƙiya take riga tsawa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 ne a sakan ɗaya, haske kuwa kafin ka ƙifta ido ya iso. Saboda haka ƙwaƙwalwarmu ta saba da ganin abu kafin jin sa, amma ba ta saba da jin magana kafin baki ya motsa ba.

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta auna wannan. A ƙa'idarta mai lamba BT.1359, mai kallo yana fara lura idan murya ta riga hoto da kusan milisakan 45, ko kuma ta makara da kusan milisakan 125. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Bidiyo kuwa hotuna ne da ake jerowa da sauri, kowanne ana ce masa firem. A tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya da yawancin Turai, firem 25 ne a sakan, wato kowanne milisakan 40. Ka ga ke nan kuskuren firem biyu kacal, idan muryar ce a gaba, ya isa a yi maka dariya a kwament.

Matsalar ma ba ta yau ba ce. Fim ɗin The Jazz Singer da kamfanin Warner Bros ya fitar a Amurka a 1927, wanda ya yi suna a matsayin mabuɗin fina-finai masu magana, sautinsa a kan faifan garmaho yake, hoton kuma a kan zaren fim. Allura ta yi tsalle sau ɗaya, shi ke nan, baki da murya sun rabu. Wannan allon da kake gani ana haɗa bakinsa ya yi "ƙwas" kafin a fara ɗaukar fim, amfaninsa ke nan: a samu wuri ɗaya da ido ya ga haɗuwar, kunne kuma ya ji ta.

Kafin ka zargi faifan

Cire iyafis ɗin Bluetooth daga kunnenka. Da gaske nake. Bluetooth yana jinkirta sauti, sau da yawa fiye da milisakan 100. Manhajojin kallo irin su YouTube sukan ɓoye wannan jinkirin, amma ba kowace manhajar editin ke yin haka ba. Sai ka zauna kana matsar da sauti don ya dace da kunnenka, ka fitar da bidiyon, ka ga ka ɓata abin da lafiyarsa ƙalau. Yi amfani da iyafis mai waya ko sifikar na'urar.

Na biyu, idan wayarka ko kwamfutarka tana nishi, hoton da take nuna maka lokacin aiki yakan riƙa sarƙewa alhali sauti na gudu. Fitar da sakan 30 kawai ka kalla. Idan wanda ka fitar daidai yake, to na'urarka ce ta gaji, fayil ɗin ba shi da laifi.

Na uku, kunna faifan kansa a na'urar DVD ko a VLC. Idan tun a can baki da murya ba su jitu ba, daga wurin mai ɗaukar bidiyon matsalar ta taso. Idan a can lafiya lau ne, to a wurin kwasowa ka jawo ta, kuma sake kwasowa yadda ya kamata ya fi faci.

Me ke cikin faifan?

Idan ka buɗe DVD a kwamfuta za ka ga folda mai suna VIDEO_TS. A ciki akwai fayiloli iri uku: VOB, IFO da BUP. VOB su ne naman, hoto da sauti a cakuɗe. IFO shi ne taswirar da ke gaya wa na'ura yadda za ta jera su, BUP kuma kwafinsa ne na ko-ta-kwana. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabait 4.7, amma ƙa'ida ba ta yarda VOB ɗaya ya wuce gigabait 1 ba. Shi ya sa kake ganin VTS_01_1, VTS_01_2, VTS_01_3. Kuma ba a ƙarshen magana ake yanka su ba. Inda awo ya cika nan wuƙa take sauka, ko da a tsakiyar kalma ne.

VCD kuwa, wanda ya riga DVD fitowa, tsarinsa daban ne. Bidiyon yana cikin folda MPEGAV, sunansa kamar AVSEQ01.DAT. Faifai ɗaya ba ya wuce minti 74 zuwa 80. Ga bambancin da ya shafe mu: VCD yana gutsura sauti sau 44,100 a sakan, DVD kuma sau 48,000. Riƙe waɗannan lambobin, za mu dawo kansu.

Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta, MediaInfo, da ke karanto maka duk wannan: firem nawa ne a sakan, sautin wane iri ne, har da tazarar da aka rubuta tsakanin sauti da hoto idan akwai.

Gwajin wuri uku

Kada ka taɓa komai tukuna. Buɗe cikakken bidiyon a VLC, ka nemo wuri uku: ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. A kowanne kana neman abin da ido da kunne za su shaida tare. Tafi ya fi komai. Sai bugun kalangu ko na ƙwarya, ko rufe ƙofar mota. Idan magana ce zalla, kalli leɓe a kan harufan da dole sai baki ya rufe: b, ɓ da m. "Bismillah", "barka", "mama", "amin". A bidiyon biki ba za ka rasa "amin" ba.

A VLC na kwamfuta, harafin K yana jinkirta sauti da milisakan 50 duk dannawa ɗaya, harafin J kuma yana matso da shi gaba da milisakan 50. Yi ta dannawa har leɓe da murya su haɗu, ka rubuta lambar da ta fito a fuskar allo. Yi haka a duka wurare ukun. Lambobin nan uku su ne sakamakon gwajinka, kuma ɗaya daga cikin abu uku za su nuna maka.

Ciwo na farko: tazarar ba ta canzawa

Farko 200, tsakiya 200, ƙarshe 200. Wannan shi ne mafi sauƙi. A cikin faifai, sauti da hoto kowanne yana ɗauke da tambarin lokacinsa, kuma ba lallai su fara a daidai wuri ɗaya ba. Na'urar DVD tana karanta tambarin ta daidaita su. Wasu manhajojin editin kuwa ba ruwansu, sai su ɗora su duka a kan sifili.

Ka sani cewa abin da ka danna a VLC na kallo ne kawai, bai shiga cikin fayil ɗin ba. Don ya zauna, buɗe fayil ɗin a MKVToolNix, ka zaɓi layin sauti, ka rubuta lambar a gurbin da aka rubuta "Delay". Idan murya ce ta makara, sa alamar ragi a gaban lambar, misali -200. Idan ita ce ta yi gaba, rubuta lambar haka nan. Manhajar ba ta sake dafa bidiyon, sabon mazubi kawai take yi masa, don haka cikin 'yan mintuna ta gama kuma hoton bai rage kyau ba. Avidemux ma yana da irin wannan gurbin, sunansa "Shift".

Idan a waya kake aiki da CapCut ko KineMaster, raba sautin da hoton ya koma layinsa, ka buɗa layin da yatsu biyu har ya kai ƙarshen faɗinsa. Za ka ga zanen sautin kamar tsaunuka. Tafi yana fitowa kamar tsinin mashi. Ja wannan tsinin ya tsaya a ƙarƙashin firem ɗin da tafuka suka haɗu. Da ido ake wannan aikin, kunne shaida ne kawai.

Ciwo na biyu: tazarar tana ƙaruwa

Farko daidai, tsakiya ta ɗan buɗe, ƙarshe ta ninka ta tsakiya. A nan matsar da sauti ba zai yi maka komai ba: ka gyara farko ƙarshe ya lalace, ka gyara ƙarshe farko ya tashi. Hoto da sauti ne ke gudu da sauri daban-daban, kamar agogo biyu da ɗaya ke cin lokaci. Girman tazarar zai gaya maka mai laifin.

Idan bayan awa ɗaya tazarar ta kai kusan sakan uku da rabi, wata manhaja ce ta ɗauki firem 29.97 a matsayin 30, ko 23.976 a matsayin 24. Bambancin kashi ɗaya ne cikin dubu, amma a awa ɗaya yana tara sakan 3.6. Wannan ya fi faruwa da faifan da aka yi a tsarin NTSC na Amurka da Japan, misali wanda ɗan'uwa ya aiko daga can.

Idan tazarar ta kai kusan minti biyu da rabi a awa, to an haɗa hoto mai firem 25 da sautin da aka yi don firem 23.976, ko akasin haka.

Idan kuma ta kusa minti biyar a awa, sannan muryoyin sun sirance kamar na yara ko sun yi kauri kamar na mai mura, to 44,100 da 48,000 ɗin nan ne suka rikice. Wannan yakan faru idan ka zuba abin da ka ciro daga VCD a aikin da aka saita don DVD.

Maganin farko shi ne ka koma ka sake kwasowa. A HandBrake, wadda kyauta ce, bar gurbin firem a kan "Same as source", ka zaɓi "Constant Framerate". Wannan zaɓin na biyu yana da muhimmanci musamman ga wanda ya kunna faifai a talabijin ya ɗauka da kyamarar waya, domin waya tana canza yawan firem yadda ta ga dama, musamman idan haske ya ragu, manhajojin editin da yawa kuma ba sa jure wannan.

Idan faifan ba ya hannunka, sai faci. Ciro sautin ka buɗe a Audacity, ka shiga wurin canza gudu. Akwai gurbin da za ka rubuta sabon tsawon da kake so. Idan bidiyon awa ɗaya ne kuma murya ta makara da sakan 3.6 a ƙarshe, rage sakan 3.6 daga tsawon sautin. Kunne ba zai ji bambancin ba. Wannan aikin kwamfuta ne, domin ma'aunin gudu na yawancin manhajojin waya bai kai wannan ƙanƙanta ba.

Ciwo na uku: tsalle

Komai lafiya har minti 20 ko 25, kwatsam sai tazara ta buɗe, ta zauna haka, can gaba kuma ta sake ƙaruwa lokaci ɗaya. Wannan shi ne ya kama ni. Na ja VOB ɗaya bayan ɗaya na jera su a manhaja kamar bulo. A kowace mahaɗa, manhajar ta zubar da guntun hoton da aka yanka a tsakiya, ta bar sautin. Nasihar Inna tana cikin VOB na uku, don haka kuskuren mahaɗa biyu ne ya taru a kanta.

Kada ka ja VOB ɗaiɗai. Ba wa MakeMKV ko HandBrake folda VIDEO_TS gaba ɗayanta. Su suna karanta taswirar IFO, su ɗinke guntayen yadda na'urar DVD take yi, su ba ka fayil ɗaya. MakeMKV ba ya taɓa ingancin hoton ko kaɗan, shi ya sa ya dace da kwafin ajiya. Daga wannan kwafin sai ka yi MP4 da HandBrake don waya.

Tsalle yana kuma zuwa daga ƙarzuwar faifai. Inda na'ura ta kasa karantawa, firem sun ɓace. Goge faifan da ƙyalle mai laushi, daga ramin tsakiya ka miƙe zuwa baki. Kada ka zagaya da gefen rigarka yadda muka saba, domin bayanan a zagaye suke kwance, ƙarzuwar da ta bi zagayen ta fi yin ɓarna. Idan na'ura ɗaya ta ƙi, gwada wata, don ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Haka nan idan asalin bidiyon kaset ne aka juya shi zuwa faifai, ko mai kyamara ya yi ta tsayarwa yana ci gaba, za ka iya samun tsalle a duk inda aka tsaya. Wannan ba shi da gajeriyar hanya. Nemo daidai inda tsallen ya faru, ka yanka a nan, ka daidaita kowane yanki shi kaɗai kamar ciwo na farko. Wurin da kyamara ta juya ga jama'a ko ga abinci ya fi dacewa da yanka, don babu leɓen da zai tona maka asiri.

Kafin ka danna tura

Wurin fitarwa, zaɓi firem 25 idan faifan PAL ne, ko da manhajar ta ba ka 30 da kanta. Kalli abin da ka fitar daga farko har ƙarshe da sifikar waya. Tura wa mutum ɗaya tukuna ya duba a tasa wayar kafin ka kai gurup. Da na yi haka da ban sha "Indiya-Hausa" ba.

Ajiye kwafin asali da ba ka taɓa ba a wuri biyu, misali a filash da kuma Google Drive. Faifan da masu ɗaukar biki ke bugawa a shago ba irin na kamfani ba ne. Bayanan a kan wani siririn rini aka ƙona su, kuma zafi da hasken rana suna cin sa a hankali. Ga shi sababbin laftof sun daina zuwa da wurin sa faifai. Wanda yake karantuwa bana ba lallai ya karantu nan da 'yan shekaru ba.

Sai maganar izini. Bidiyon biki cike yake da matan da suka yi rawa a cikin gida, a tsakanin 'yan'uwansu mata, ba su san wata rana za a yi TikTok ba. Wasu yanzu matan aure ne da 'ya'ya, wasu sun rasu. Tambayi masu abin kafin ka ɗora. Idan kuma fim ne na Kannywood ko na wani wuri, ka tuna dukiyar wani ce. Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma sayen faifai bai ba ka ikon ɗora fim ɗin a shafinka ba.

Ni dai a dare na uku na sake kwaso faifan da MakeMKV. Tsallen ya tafi, sai wata 'yar tazara da ta rage daga farko har ƙarshe. Na nemo inda Inna ta ce "amin", na danna J sau huɗu, leɓenta ya rufe daidai kan mim. Na rubuta -200, na fitar, na kai wa Umma wayar har ɗaki ban bi ta gurup ba.

Ta kalla sau biyu ba ta ce komai ba. Sannan ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Tura wa Yayarka. Ita aka yi wa faɗan, ta sake ji."

Akwai irin wannan ledar a gidanku. Tambayi Umma ko Baba inda take tun faifan yana karantuwa.